Kyandir Sittin na Madam Sabrina

Kyandir na arba'in da ɗaya ne ya suɓuce wa Labiba, ta tare shi da gwiwa kafin ya kai ƙasa. Bai ɓantare ba. Ta goge shi da tsohon ɗankwali, ta naɗe da farar takarda, ta ɗaure da igiyar rafiya, ta manna sunanta a kai. Saura goma sha tara, ga bayanta ya riƙe tun azahar.

Kyandir ne masu kauri, kowanne kamar gwangwanin madara biyu a kan juna, kuma zafin Kwatano ba ya raga musu. In aka jera su jiki da jiki, kafin a haye gadar garin sun manne. Dole kowanne da ɗakinsa a cikin kwali, da katanga tsakaninsa da maƙwabcinsa. Labiba kan ce kyandir ɗinta sun fi rabin mutanen unguwarsu ta Zongo samun wurin kwana.

Da ta gama digirinta na lisans ta yi shekara biyu tana yawo da takardu ofis-ofis, har ta gaji ta shige ɗaki ta daina magana. A waya ta koyi wannan sana'a. Watan farko ko ɗaya ba ta sayar ba. Matan unguwa sai su ɗauka su shinshina, su karkata kai su ce, ikon Allah, wai yanzu har ƙamshi ake kunna wa wuta? Su ajiye su wuce.

Sai ga Madam Sabrina.

Ba su taɓa haɗuwa ba. Wai tana da butik, shagon kayan ƙawa, a unguwar Akpakpa, tsallaken gada, kuma ba ta son kira, sai dai saƙo. Duk mako biyu sittin. Fari zalla, kar a sa launi. Lemun tsami da kanumfari, kar a sauya ƙamshi. Labiba ta ƙirƙira mata murya, irin ta hanci, ta matan da ke magana gilashi na bisa goshi. Takan karanta wa mahaifinta saƙon tana yarfe yatsu, Baba Djibril ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Shi ne komai na sana'ar. Tsohon direban babbar mota ne, ya ajiye sitiyari. Shi yake ɗaure kwalayen a bayan babur ya kai Akpakpa, shi yake sayo mata kakin kyandir a kasuwar Dantokpa, a wajen wani mutum da bai taɓa faɗa mata sunansa ba. Kakin kirki ne, har ma kamar da ɗan ƙamshinsa yake zuwa, turare kaɗan ya ishe shi. Rafiya kuwa kyauta wani abokinsa ke ba shi, ta ɗan tamuke, amma a yayyanke take daidai tsawon da ake so. Kwanan nan ya rame. Hannunsa duk tabon ƙuna, wai salansar babur ce.

Mako uku da suka wuce ɗan kunnen marigayiya mamarta, ɗan mitsitsi na zinare, ya faɗa cikin kaki tana zubi. Ba ta lura ba sai bayan kaya sun tafi. Ta tura wa Madam saƙo tana kuka. Amsa ta zo nan take: za a duba. Bayan kwana biyu: ba a gani ba, ki yi haƙuri 'yata.

Irin wannan matar ce ake so Labiba ta juya wa baya.

Jiya wani biro, wato ofishin fiton kaya, ya kira ta. Suna so ta fara aiki ranar Litinin, kuma yau kafin magariba suke jiran amsa. Abin da ta yi shekaru tana nema kenan. Kuma tsakani da Allah ta gaji da kyandir. Ta gaji da kaki a farce, da warin kanumfari a cikin tuwo, da wannan tsugunnon. Amma sittin duk mako biyu ba ya haɗuwa da zaman ofis. Ta rubuta musu saƙon ban haƙuri, ta ajiye wayar kusa da almakashi. In ta rufe kwali na ƙarshe za ta tura.

La'asar sakaliya babur ya tsaya a ƙofar gida. Baba Djibril ya shigo yana jan ƙafa, ya dire curin sabon kaki a kan tabarma, ya zauna a kan turmi yana mayar da numfashi.

"Sannu da aiki, Uwata."

Ta jawo curin da wuƙa don ta yayyanka na gobe, kanta a sunkuye ta ba shi labarin biro. Fuskarsa ta washe kamar an ɗauke masa buhu daga ka. Sai ta ce ai ba za ta je ba.

"Baba, lokacin da duk Zongo ke yi min dariya, matar nan kaɗai ta yarda da ni. In na bari, ina za ta samo kaya?"

Ya ce Madam mai fahimta ce. Labiba ta ce shi ya sa ma ba za ta ci amanarta ba, ta danna wuƙa da ƙarfi.

Wuƙar ta ci karo da wani abu, ƙas. Curin ya rabe biyu. A tsakiyar sabon kakin Dantokpa, wani ɗan mitsitsin zinare yana ƙyalli.

Ta ɗago kai a hankali. Baba Djibril ya dubi ɗan kunnen, ya dubi tabon da ke hannunsa, ya sauke wani dogon numfashi.

"Wallahi na duba, Uwata. Duk wanda na narkar sai da na laluba gindin tukunyar."