Wanda Aka Ɗaure a Dabino

Ana yaye ƙyallen da ya rufe bargon da alƙalai suka ba na ɗaya, tsohon ya matsa kusa ya ƙura masa ido, don aikin matarsa ne.

Shi da kansa ya ciko mota da mutanen ƙauyensu zuwa Daka, babban birnin ƙasarsu, su zo su ga aikin matarsa a baje kolin mata masu zane da ɗinki. Tun a hanya yake ba su labarin da ya tsufa yana bayarwa: shekarar babbar guguwa, da teku ya haɗiye ƙauyen, hannunsa ɗaya na rungume da dabino, ɗayan na riƙe da amaryarsa, har ruwa ya janye.

Ga guguwar nan kuwa a jikin bargon, an ɗinke ta da zaren tsofaffin zannuwan sari. Ga dabinon. Amma mace ce ta kwance sarinta ta ɗaure wani sumammen mutum a jikin bishiyar, wuya a langaɓe, baki a buɗe. Ko karyayyen haƙorinsa ba ta bari ba.

"Ke uwar yara, wannan fa wane ne?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Alƙalan ne suka ce kowace ta ɗinka abin da idonta ya gani, maigida."

Ya juya ga amininsa. "Kai kana wurin! Gaya musu gaskiya!"

Aminin ya sosa gemu. "Haba ɗan'uwa, ai ni na hau na kwance ka. Duk ƙauyen kai kaɗai ne ba ka sani ba."