Rabin Mashin

Halilu ya kashe mashin a ƙofar gidan su budurwarsa Zinatu a Gummi, bai sauka ba.

"Ma'aikatan iyaka sun maido ni daga Illela," ya ce. "Takardun mashin da sunanmu mu biyu. Wai sai kin taho kafin in tsallaka Ƙonni kabu-kabu."

Ta dubi mashin ɗin da awakinta suka tafi wajen sayensa.

"In na ƙi fa?"

"Sai in bi daji."

Ta zare makullin.

"Rabina ba ya bin daji. Kuma Inna ba ta barin budurwa ta hau bayan namiji har iyaka."

Ya ce, "Matar aure fa?"

Ta jefa makullin cikin zaure.

"Baba na ciki. Shiga ka ɗauko."