Hannun da Ke Riƙe da Alli

Mako uku ke nan Pak Gunardi, wato Malam Gunardi, yana maimaita wa 'yan aji takwas babi ɗaya, har yaran sun fara amsa tambaya kafin ya gama yin ta.

Shi fa tarihi ya karanta. Amma da takardar ɗaukar aiki ta kawo shi wannan ƙaramar makaranta ta bayan garin Wonogiri, gurbin lissafi aka miƙa masa, bakinsa kuwa ya yi nauyi, ya kasa cewa bai iya ba. Ya dai ji an ce an sallami wata malamar wucin gadi don a sama masa wuri. Bai tambayi sunanta ba.

Wayarsa ce ta rufa masa asiri. Ya gano wani shafi da ake ɗora bidiyon darussan lissafi: ba fuska, sai hannu da alli da ɗan allo, da muryar mace mai natsuwa. Kowace safiya yakan laɓe a ɗakin ajiye tsintsiya ya haddace darasin, har da inda ake dakatawa a yi barkwanci, sannan ya shiga aji ya zazzage shi kamar nasa. Ya yi sa'a, darussan suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da manhajar ajinsa.

"Kai, Pak Gun, ashe gwani aka kawo mana!" in ji shugaban makaranta. "Yara sun ce kamar ba a canza musu malami ba."

Ya yi murmushi, kunya tana cin sa. Ita ce kuma ta mai da shi mafaɗaci, don mai ɓoye abu ba ya son a matso kusa da shi. Ya hana tambaya a aji. Ya hana taɓa waya. Da ya ga ɗalibansa kullum suna cincirindo da littattafansu a teburin mai soya ayaba a bakin ƙofa, ko kallon matar bai tsaya yi ba, ya wuce ofis ya ce tana makarar da yara. Aka sa ta kwashe kaskonta ta koma tsallaken titi.

Sai kuma darussan suka daina zuwa. Ya duba da safe, ya duba da rana, shafin yana nan shiru. Ya buɗe babi na gaba da kansa, lambobin suka yi masa tsaye kamar baƙin da bai san yarensu ba.

Ran Litinin shugaba ya leƙo. "Alhamis sufeto zai zauna a ajinka. Babi na gaba yake so ya gani. Ka fitar da mu kunya, ka ji?"

Pak Gunardi ya koma wurin tsintsiyoyinsa. Ya rubuta wa mai shafin saƙo, bai sa suna ba, ya kira ta Bu, wato Malama: "Bu, ki gafarce ni. Ni malami ne, amma ban iya abin da nake koyarwa ba. Wata biyar ina satar darussanki. In ba ki ɗora na gaba ba kafin Alhamis, asirina ya tonu, aikina ya tafi."

Kafin a tashi tara amsa ta shigo.

"Pak Gunardi, na san kai ne. Ba sata ba ce, don yaran na yi. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da ajin nan kafin a kawo ka. Darasin yana cikin wayata tuni, ɗora shi ne ya gagara. Tun da ka sa aka mayar da teburina tsallaken titi, intanet ɗin makaranta ba ya kawowa nan."