Kwaɗon Shafin Fassi

Tun Litinin Zailani yake neman takardar tsaro ta shafin intanet, tun Litinin amsa ɗaya yake samu: ba a tabbatar ba.

Shafin na ƙungiyar manoman Fassi ne. Wani kamfani a Kano ya yarda zai sayi waken suyansu na bana ta nan, amma ya ce ba zai shiga shafin da waya ke gargaɗi a kansa ba. Ko dai ɗan hoton kwaɗon nan mai nuna an sami takardar ya fito kusa da adireshin shafin kafin Juma'a, ko su nemi wake a wani gari.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Ka nema, ka ajiye wata alama a sabarka, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, masu ba da takarda su leƙo su gan ta, shi ke nan. Sai dai sabar Zailani ba irin ta kowa ba ce. Tsohuwar kwamfuta ce a shagon Kawu Lado a Kibiya, an ɗora ta a kan buhun masara, tana shan wutar sola. Shi ya haɗa ta, shi ya yi mata katangar tace masu shiga shafin, kuma da katangar nan yake taƙama: duk wanda ya zo daga wajen Najeriya, a waje zai kwana. Wane Bature ne zai sayi wake a Fassi?

Ga kuma ɓarayi sun sa shi a gaba. Daga Amurka, daga Turai, tare suke zuwa kamar 'yan ɗaurin aure, duk suna lalube wuri ɗaya. Har ƙararrawa ya sa wa kwamfutar, da sun taɓa ƙofa ta yi ƙara, shi kuma ya toshe su yana murmushi. A majalisa ya ba da labarin har mutane suka fara ce masa Injiniya, bai kuwa hana ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar murmushi ya ƙare. Tsoro ya kama shi sosai, don waken mutane ne, ba nasa ba. Kawu Lado, shugaban ƙungiyar, ya jawo kujera ya zauna.

"Injiniya, gwada a gabana in gani."

Zailani ya danna neman takardar. Ƙararrawa ta yi ƙara.

"Ka gani ko, Kawu? Ko kunya ba sa ji."

Ya toshe su, ya sake dannawa. Ta sake ƙara. Hannunsa ya tsaya a kan madannai. A karon farko, maimakon ya duba daga ina suka zo, ya duba abin da suke nema.

Ya yi wata dariya marar daɗi, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Alamar da ya ajiye da hannunsa suke nema: masu ba da takarda ne, tun Litinin yake gayyatarsu yana korarsu daga bakin ƙofa.