Ɓantaren Fenti a Rim ɗin Hajiya

An yi wani direba da ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙa wata likita, ko madubin motarta bai taɓa fasawa ba, kuma da aikin nan yake riƙe da iyalinsa. Hajiyar ba ta da faɗa, amma tana da doka ɗaya tak: motarta ba ta fita sai da saninta. To, ta yi tafiyar mako guda. Bawan Allah ya ga babu idon kowa, ya zari makulli ya tafi sunan ɗan ƙanensa da motar, don dangi su san shi ma ba a rana yake yawo ba. Ya je lafiya, ya dawo lafiya, ya kulle ta a gareji.

Ranar da Hajiya za ta dawo, jirginta da la'asar zai sauka, ya fito da motar da hantsi yana wankewa. Soso na kaiwa kan rim ɗin tayar gaba ta dama, irin na alminiyam ɗin nan mai ruwan azurfa, sai ya ga fenti ya ɓantare, wurin bai fi farcen babban yatsa ba. Nan take ya tuna bakin kwatar da ya raɓa a lungun gidan suna. Mai gaskiya zai jira a tambaye shi, amma shi da ya san abin da ya shuka gani yake ɗan tabon nan baki gare shi, kuma da Hajiya ta dube shi zai tona komai.

Ya garzaya wurin wani dattijo mai fentin mota. Dattijon ya shafa wurin ya ce, "Wannan ai ba ciwo ba ne. Sai dai fenti ba ya son gaggawa. A cire taya, a goge, a fesa sau uku, a bar shi ya kwana."

"Baba, ba ni da kwana, la'asar gare ni. Ka rufa min asiri."

Dattijo ya girgiza kai, ya ɗauki samfefa, takardar goge fenti. Ya goge, ya cike gurbin, ya fesa. Aiki ya yi kyau, har ya yi yawa: rim ɗaya na walƙiya, sauran ukun da suka sha rana sun koɗe, ko yaro ya kalla zai nuna wanda aka taɓa. Direba ya ce a yi na baya ma. Da aka yi, sai gefen dama ya ƙaryata gefen hagu. Ya ce a haɗa duka huɗun. Yana duba agogo yana share gumi, aka kira azahar yana nan tsugune, ya yi sallar ne kawai bai san me ya karanta ba. Ana gama fesawar ƙarshe ya faɗa mota, dattijo yana ɗaga murya yana ce masa saman fentin ne kawai ya sha iska, ciki ɗanye ne, kada ya kuskura ya bi ƙasa.

Ashe ana gyaran titin filin jirgi, an karkatar da motoci ta burji. Tifa a gabansa tana tayar da jar ƙasa, motoci a bayansa, babu wurin juyawa. Waya ta yi ƙara, Hajiya ta ce ta sauka. Ya ƙara wa motar wuta. Da ya isa ya fito ya leƙa, sai ya ga rim huɗun nan kamar tsiren da aka mirgina cikin ƙuli. Ya sa hankici zai goge, fentin ya biyo hankicin.

A haka ta same shi. Ta kewaye motar sau ɗaya, a hankali.

"Malam Hudu, me ya sami ƙafafun motata?"

Baki ya ƙi ƙarya. Ya zayyane mata duka, tun daga suna da kwata har zuwa mai fenti. Ta dube shi ta ce:

"Na gaba na dama? Ni na goga shi a ƙofar asibiti ana gobe zan tafi, na manta ban gaya maka ba. Maganar suna kuwa, yanzu nake jin ta."

Ta miƙa hannu, ya saka mata makulli. Ta shiga ta ja motarta, ta bar shi tsaye da hankici mai fenti, yana tunanin abin da zai gaya wa iyalinsa. Hausawa sun gama magana da suka ce, garin neman gira a rasa ido.