Ɗakin da Ya Fi Jijjiga

"Iya, ki ɗauki ɗakin tsakiya, can ƙasa," in ji Tullio, mai sayar da tikitin jirgin ruwa a Genoa. "Ko teku ya haukace ba ruwanki."

"Wanne ya fi jijjiga?" tsohuwa Ersilia ta tambaya.

"Na goshin jirgi, can sama. Har Ajantina fa za ki!"

"Shi nake so."

Ya yi dariya. "Rawa za ki je yi, Iya?"

Ta gyara baƙin ɗankwalinta.

"Barci zan je yi, ɗan nan. Maigidana ya daɗe da ciwon karkarwa, kullum gadonmu rawa yake. Tun da muka binne shi gadon ya tsaya cik, barci kuwa ya ƙaurace mini."