Dokar Hannun Dama

"Ke mai gilashi, miƙe tsaye."

Auta ta miƙe. Mai sa ido a jarrabawar fiziks ya ce tun ɗazu yake ganinta tana murɗa yatsu, tana yi wa wasu alama. Hukuncin satar amsa kuwa kora ce.

"Wallahi Malam, dokar hannun dama nake yi. Babban yatsa ya bi lantarki, sauran su nuna inda ƙarfin maganaɗisu yake zagayawa."

"Ni ma ina da yatsu, ban taɓa ganin maganaɗisu a jikinsu ba."

Aka kira malamin fiziks, ta maimaita a gabansa. Ya ce a ƙyale ta, ba ta saci komai ba.

Bayan an karɓi takardu, malamin fiziks ɗin ya tsayar da ita a bakin ƙofa.

"Da wane hannu kike rubutu?"

"Dama, Malam."

"To, dokar fa, da wanne kika yi ta yi?"

Auta ta dubi hannunta na hagu. A bayanta, ɗalibai huɗu da suka kwafi yatsunta suka ɗora hannu a ka.